Wa'azin Bazara da Damina: Kira Ga Ɗalibi Mai Bi

Duk wanda ya taɓa buɗe irin littattafan nan na ibadar kullum da ake kawo mana daga Ingila da Amurka, zai lura cewa da zarar marubutansu sun iso watannin Yuni, Yuli da Agusta, sai bakinsu ya cika da yabon rana. A wurinsu lokacin zafi lokaci ne na hutu da zuwa bakin teku, don haka sukan kwatanta alherin Allah da fitowar rana bayan dogon hunturu, su kwatanta baƙin ciki da haɗuwar gajimare. Ba su yi ƙarya ba, ƙasarsu suka duba suka faɗi abin da suka gani. Amma ɗalibin da ya tashi a Wusasa ko Malumfashi ko Maraɗi, in ya haddace wannan kwatanci ya tsaya da shi gaban ikilisiya, ya zama mai rawa da kiɗan wani gari. Mu a nan hadari shi ne albishir, rana kuwa gwaji ce.

Abin da nake so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata a kai shi ne, a wannan fanni mun fi waɗancan marubuta kusa da Littafi Mai Tsarki. Ƙasar da annabawa da manzanni suka zauna ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, inda ake samun ruwan sama daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, sa'an nan ya ɗauke wata biyar cur. Mutanenta sun san rigima a kan rijiya, kamar yadda Farawa sura 26 ta ba da labarin makiyayan Ishaku da na Gerar, sun kuma san zaman jiran ruwan farko da fargabar kada na ƙarshe ya yanke. Sa'ad da Likita Miller da abokan aikinsa suka fassara Littafin zuwa Hausa, aka buga shi cikakke a 1932, rumbu da masussuka da garke duk sun tarar da sunayensu a bakin mutane. To, in haka ne, me ya sa muke ɗauka sai a babban taron zumunta, inda aka kafa lasifika aka gayyato mashahurin mai wa'azi, ake jin muryar Ubangiji? Daga Maris zuwa Satumba akwai wa'azi a tsakar gida da gona wanda ba ya bukatar kuɗin mota, sai dai ido da kunne.

Annabi Irmiya ma da tsuntsu ya kunyata mutanensa. A sura ta 8 ya nuna musu cewa shamuwa ta san lokacinta, su kuwa sun jahilci abin da Ubangiji yake bukata gare su. Wa ya fi mu sanin shamuwa? Takan taso daga kudancin Afirka ta iso mana gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, manomi na ganinta ya san lokacin gyara gona ya ƙure. Mu kuwa mun san ranar jarrabawa, mun san ranar albashi, amma lokutan da iyayenmu ke rayuwa a kansu sun fara kuɓuce mana.

Mu fara da bazara. Zafinta ba abin wasa ba ne. A Sakkwato da Maiduguri ma'aunin zafi kan haura 40 a watan Afrilu, a ranar 3 ga Afrilun 2024 kuwa ya kai 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Lokacin ne kuma na sanƙarau, wanda a 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, akasarinsu a Arewa. A irin wannan yanayi babu abin da ya kai randa daraja. Ɗaliban kimiyya sun san sirrinta: jikinta na yumɓu yana da ƙananan kafofi, ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska na busar da shi, bushewar nan kuwa ita ke janye zafi daga ruwan da ya rage a ciki. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Ka ga ke nan randa ba ta sanyaya ruwa sai ta yarda ta yi asarar wani abu daga cikinsa. Jarkar roba ba ta zubar da ko ɗigo, amma bar ta a rana ka dawo, ruwanta ko wanke hannu ba ya yi. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa sura 4, da tukwanen ƙasa ya kwatanta mu masu bi. Ina ganin da yawa daga cikinmu 'yan boko mun zaɓi zama jarka. Ilmin da aka tara mana da kuɗin talakawa mun toshe shi da murfi, ƙanenmu na gida ba su samu ba, maƙwabta ba su samu ba, ga shi kuwa zama da mu sai ƙuna. Dubi kuma al'adar nan ta ajiye randa da moɗa a ƙofar gida saboda masu wucewa. Mai randar ba ya tambayar mai sha addininsa ko ƙabilarsa. Yesu Almasihu ya yi alkawarin lada a kan ƙoƙon ruwan sanyi a Matiyu sura 10. A 2023 da 2024 azumin 'yan'uwanmu Musulmi ya faɗo a tsakiyar bazara. Ɗalibi Kirista da ya tanadar wa abokin ɗakinsa ruwan sanyi na buɗa baki a waɗannan kwanaki, ya yi shaidar da ta fi gardamar awa uku a ɗakin cin abinci.

Daga randa sai gawo. Sauran itatuwa sukan yi ganye da damina su kaɗe da rani, shi kuwa gawo da damina yake zubar da nasa, ya bar wa gero da dawa rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, har amfanin da ke ƙarƙashinsa ya fi na sauran gona kyau. In rani ya yi, kowa ya bushe, sa'an nan yake yin kore, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'yansa su ci. Abokan damina suna da yawa, kowa ya san su ranar da aka biya albashi. Mai bi na kirki shi ne wanda ake samun inuwarsa sa'ad da ta kowa ta ƙare.

Akwai labarin da ya kamata kowane ɗalibin aikin gona ya sani. Wani ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi a 1981 yana dashen itatuwa don tare hamada, amma yawancin abin da ya dasa sai ya mutu. A 1983, yana gab da fid da rai, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ake sarewa kowace shekara wajen sassabe tohon kututturan manyan itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai a rage tohon, a bar ƙwarara kaɗan, a kare su. Manoman Maraɗi da Damagaram, waɗanda galibinsu Musulmi ne, suka rungumi wannan aiki, har masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Littafin Ayuba sura 14 ya riga ya yi maganar itacen da aka sare ya sake toho da jin ƙanshin ruwa, Ishaya sura 11 kuma da toho daga kututturen Yesse ya kwatanta zuwan Almasihu. Darasin a nan ya shafe mu ƙwarai. Mukan koma ƙauye da ganin cewa babu kome a can sai mun kawo daga waje, alhali kuwa abin da Allah Ya riga Ya dasa yana nan da rai: tsohuwar da ba ta iya karatu ba amma ba ta fashin addu'ar asuba, da yaron da aka yanke wa ƙauna saboda ya faɗi jarrabawa sau biyu. Kada mu zama masu sassabe abin da ya kamata mu raina.

Sai kuma binne, wato shukar da manomi ke yi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Irin nan da yake binnewa hatsi ne da ya hana bakin 'ya'yansa. In aka yi yayyafi kaɗan ruwa ya ɗauke, shukar ta tsiro ta ƙone, sai ya sake nemo wani iri. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san ɗacin wannan, amma ba su daina shuka ba. Wanda ya tsaya ya kalli mai binne zai fahimci Zabura ta 126, mai maganar shuka da hawaye, fiye da wanda ya karanta sharhi goma a kanta. Sai dai a lura, mai binne ba ɗan caca ba ne. Ya yi sassabe, ya kai taki, ya ga iska ta juya ta fara busowa daga kudu maso yamma, kana ya ɗauki sungumi. Wanda ya gama jami'a ya gama hidimar ƙasa, shekara biyu babu aiki, bangaskiyarsa ta zama irin ta mai binne: ya koyi sana'a, ya ci gaba da neman ilmi, ya riƙe gaskiyarsa, ya bar wa Mai sama saukar da ruwa. Kwanciya a ɗaki ana jiran mu'ujiza lalaci ne da aka yi wa rawani.

Ga matasan ma'aikata kuwa, babu malamin da ya kai wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, tsiro ɗaya kan zubar da dubbai, suna kuma iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma. Ba sa tsirowa sai sun ji saiwar gero ko dawa a kusa, sa'an nan su manne mata su yi ta tsotsa a ɓoye. Kafin manomi ya ga kyakkyawan furenta a sarari, ta riga ta gama ɓarna. Haka cin hanci yake shiga sabon ma'aikaci. Yakan fara da ɗan goron da ba a roƙa ba, da sa hannu a takardar alawus na tafiyar da ba a yi ba. Ranar da furen ya bayyana, wato mota da gidan da albashi bai isa ya saya ba, mutane na tafi, amma zangarniyar ta riga ta mutu. Manoma sun san wuta-wuta ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji, maganinta kuwa taki, da sauya shuka da wake ko gyaɗa, da tuge ta tun ba ta zubar da iri ba. Zuciyar da aka bari babu addu'a babu Maganar Allah gajiyayyar gona ce.

Dogon hutu ya saba faɗowa a marka, lokacin da gona ta yi kore shar amma rumbu ya koma fanko. Baƙo zai ga ƙauye ya ce ana cikin ni'ima, alhali a gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya, ga zazzaɓin sauro yana kayar da yara, ga masu ba da bashin hatsi suna jiran kaka su karɓi ninki. Ɗalibin da ya iso gida a wannan lokaci da farar riga, yana ƙyamar fartanya, yana jiran a kawo masa tuwo ɗaki, ya karanta Yakubu sura 2 a kan bangaskiyar da ba ta da ayyuka. Shiga gayya ibada ce, haka ma koya wa yaran unguwa lissafi da yamma, haka ma sayen gidan sauro ga gwauruwar da ke maƙwabtaka.

Na san wani zai ce duk wannan yi wa talauci kwalliya ne, mutane na bukatar rijiyar burtsatse da asibiti, ni kuwa ina ba su misalai. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma gargaɗi ce gare mu. Darasin randa bai ɗauke wa injiniyan hukumar ruwa nauyin gyara famfo ba, ƙara masa nauyi ya yi, domin yanzu ya san a gaban Wa zai ba da lissafi. Akwai kuma haɗari na biyu, wato mai da yanayi sandar dukan wasu. In ruwa ya yi jinkiri, sai ka ji ana cewa zunubin su wane ne ya jawo. Yesu ya rufe wannan ƙofa a Matiyu sura 5, inda ya koyar cewa Uba na sama ba ya ware gonar mai adalci daga ta marar adalci wajen rana da ruwa. Hadari bai taɓa tsayawa a iyakar gona ya tambayi addinin mai ita ba. Wanda ya karanta halitta ya fito da girman kai ko ƙiyayya, bai iya karatun ba tukuna. Littafi Mai Tsarki shi ne ma'auni, gona da randa masu tuni ne kawai.

Saboda haka, ya ɗan'uwa mai karatu, in an rufe makaranta ko ka sami hutun shekara, sa Littafinka a jaka ka tafi gida. Karanta misalin mai shuka a Markus sura 4 a bakin gona, ka tambayi mahaifinka wace ƙasa ce tasa mai duwatsu, wace ce mai ƙaya. Zai ba ka amsar da babu ita a laburare. Ka riƙe fartanya ko da kwana uku ne a mako, ka cika randar ƙofar gida da hannunka. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu ga kaka lafiya. Amin.