Bashin Baitulmali: ana tafi a Yamai, ana kuka a Maraɗi

Duk sa'ad da Baitulmalin ƙasa ya tafi kasuwar kuɗi ta UEMOA ya dawo da miliyoyi, sai a cika mana kunne da sanarwa: mun nemi kaza, an ba mu kaza, wai wannan shaida ce ta amincewar da masu dukiya suka yi wa Nijar. An kaɗa wannan ganga a zamanin farar hula, an kaɗa ta a zamanin soja. Makaɗan ke canzawa, kiɗan na nan yadda yake. Abu guda ne ba a cika sakawa a kan sanarwar ba, kuma shi ne kaɗai tambayar da ɗan koli zai fara yi in an ce masa ga mai ba da rance: ruwan nawa ne?

Bari mu ɗauki abin daga tushe, tun da waɗanda suka san shi sun fi son ya zauna cikin faransancin ofis. Tun farkon shekarun 2000 aka rufe wa gwamnatocin yankin ƙofar karɓar rance kai tsaye daga babban banki, wato BCEAO. Gwamnatin da kuɗin duwan da lanho ba su ishe ta ba, sai ta sayar da takardar bashi. Hukumar UMOA-Titres, wadda aka kafa a Dakar a 2013, ita ke shirya gwanjon. Takardun iri biyu ne: na gajeren lokaci, daga ƴan watanni zuwa shekara biyu, kowace guda a kan sefa miliyan 1, da na dogon lokaci, shekara uku, biyar, bakwai ko fiye, kowace guda a kan sefa 10.000, jika goma ke nan. Masu saye kuwa, mafi rinjayensu bankuna ne, namu na nan da na Abijan, Lome, Kwatano, Dakar da Wagadugu.

Ga inda dabarar take. A ce takardar jika goma ce, ta shekara uku, an rubuta a kanta ruwa kashi 6 cikin 100. Kowace shekara mai ita zai karɓi sefa 600, ranar ƙarshe a mayar masa da jika gomarsa. To, in masu saye suka ja baya suka ce ba za su biya fiye da jika tara ba, Baitulmali zai karɓi 9.000, ya ci gaba da biyan 600 a shekara, ya kuma mayar da 10.000 cif. In ka buga lissafi, ruwan na gaskiya ya kai kusan kashi 10. A kan takarda an rubuta 6, a aljihun talaka an zare 10. Duk sa'ad da farashin takarda ya faɗi, ruwanta ya hau. Ɗan kasuwar da ya taɓa karɓar kaya bashi a farashin da ya fi na hannu da hannu ya san wannan darasi tun kafin a buɗe makarantar koyon tattalin arziki.

Me ke sa masu saye su ja baya? Na farko, abin da ke cikin asusunsu. A 2020, lokacin annobar korona, BCEAO ta saki famfo: ta saukar da ruwanta zuwa kashi 2, ta kuma riƙa ba bankuna duk abin da suka nema kowane mako a kan wannan farashi. Banki ya karɓo a kashi 2, ya sayi takardar gwamnati mai kashi 5 ko 6, ya mayar da takardar wurin BCEAO a matsayin jingina, ya sake karɓo wasu kuɗin ya sake saye. Babu gumi, babu zuwa duba shagon kowa. Ministocin kuɗi na yankin suka ga bashi ya yi araha, suka ɗauka farin jininsu ne. Ashe ruwan kogi ne ya cika, shi ya sa kwale-kwalen kowa ya taso.

Daga nan tsadar rayuwa ta kunno kai. A watan Agustan 2022 hauhawar farashi a yankin UEMOA ta kai kashi 8,8, alhali iyakar da BCEAO ta gindaya wa kanta ita ce tsakanin 1 da 3. A Amurka babban banki ya ɗaga ruwansa daga kusan sifili a watan Maris na 2022 zuwa sama da kashi 5 a watan Yulin 2023, na Turai ma ya bi sahu. Sefarmu kuwa ɗaure take da yuro, 655,957 a kan guda, tun 1999. Wanda ya ɗaure akuyarsa a gindin bishiyar maƙwabci ba shi ke zaɓa mata inuwa ba. Don kada kuɗi su gudu waje, BCEAO ta shiga ƙara ruwa daga watan Yunin 2022, kwata-kwata, har ya kai kashi 3,5 a Disambar 2023. Ƙarin bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na Amurka. Abin da ya fi cizo shi ne matakin watan Fabrairun 2023, lokacin da ta daina ba bankuna duk abin da suka nema, ta ce a yi gwanjo, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Nan take bankuna suka ƙanƙame abin da ke hannunsu, gwamnatoci da dama suka je kasuwa suka dawo da ƙasa da abin da suka nema, ruwa ya fara hawa a kan kowa.

A lura da kwanakin nan da kyau, domin nan ne nake jayayya da ɓangarori biyu. Bashi ya fara tsada watanni biyar kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Masu cewa sojoji ne suka kawo dukan matsalar sun manta da wannan. Masu cewa takunkumi ne kaɗai ya jefa mu cikin hali, su ma sun manta da shi, ko kuwa sun ga dama sun manta. Gidan da ke biyan tsohon bashi da sabon bashi, ranar da mai ba da rance ya yi mura, shi ke kwana da zazzaɓi, kuma haka gidanmu yake tun kafin wannan rana.

Sai dai babu mai hankalin da zai raina abin da takunkumin ya yi. Ran 30 ga Yuli CEDEAO da UEMOA suka rufe iyakoki suka daskarar da asusun gwamnati a BCEAO. Kashegari aka soke gwanjon miliyar 30 da Nijar ta shirya. Ƙasa ta kasa biyan masu binta, har abin da ya taru ya haura miliyar 300 zuwa watan Fabrairun 2024. Hukumar Moody's mai auna ƙarfin masu cin bashi ta saukar da darajarmu sau biyu. An ga irin wannan a Mali tsakanin Janairu da Yulin 2022, amma babu wanda ya yi tanadi. Duk wanda yake Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa a waɗancan watanni ya tuna layin bakin banki. Ni da kaina na yi yini guda a tsaye a ƙofar wani banki don in karɓi abin da yake nawa, aka ƙayyade mini kamar mai neman sadaka. Aka ɗage takunkumi ran 24 ga Fabrairun 2024. A ƙarshen Afrilu Nijar ta koma kasuwa ta ɗauko fiye da miliyar 450, musamman don warware abin da ya taru, da ruwan da ya haura kashi 9. Aka yi tafi. Ni dai ban san gidan da ake guɗa don an sabunta wa maigida bashi da ruwa mai tsada ba.

Ma'aikaci zai ce, ina ruwana da gwanjon Dakar? Ga ruwanka, malam. A kan kowace miliyar 100 da aka ranto, ƙarin kashi 1 tak na nufin miliyar guda a kowace shekara. Mai takarda ba ya jira, domin ranar da aka saɓa masa, ƙofar kasuwa ta rufe. Wanda ke jira shi ne ɗan kwantaragin da ke koyarwa a ƙauye, da ɗalibi mai jiran alawus, da ɗan kwangilar da ya kai wa ma'aikata kaya yana yawo da takardarsa daga ofis zuwa ofis. Iyayenmu da suka yi aiki a shekarun 1990 sun san yadda watannin albashi ke taruwa. Wancan ma bashi ne gwamnati ta ci a wurinsu, sai dai ba a nemi yardarsu ba, ba a kuma biya su ruwa ba.

Ɗan kasuwa kuwa tasa ta fi bayyana. Ka sa kanka a kujerar manajan banki. A hannun dama ga takardar gwamnati mai kashi 9 ko 10, wadda BCEAO ke karɓa jingina, wadda dokar banki ke ɗauka kusan marar haɗari. A hannun hagu ga wani Alhaji daga Maraɗi yana neman miliyan 50 don ya ɗauko shinkafa, kuma tun da hanyar Benin ta toshe aka koma bi ta Lome da Burkina, motarsa na iya yin makonni tana jiran rakiya. Wa za ka ba? Manajan ba mugu ba ne, lissafi yake bi. Zai ce wa Alhaji ya kawo takardar gida, ya kawo mai tsaya masa, ya dawo wata mai zuwa. Kuɗin da ya kamata su zama buhunan albasar Galmi, ko injin matsar man gyaɗa, ko garken kiwo, sun zama takarda a cikin akwatin ƙarfe. Baitulmali da ɗan kasuwa rijiya guda suke ɗiba, kuma gugan Baitulmali ya fi girma.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ba ni haushi, wato zargin da ake yi wa ƴan kasuwa duk sa'ad da tiyar hatsi ta hau. A asusun ajiya na banki, ruwan da aka ƙayyade wa ƙaramin mai ajiya kashi 3,5 ne a shekara. A 2024 farashin kaya a Nijar ya hau da kusan kashi 9 a matsakaicin shekara. Wanda ya ajiye miliyan guda a farkon shekarar ya samu ƙarin 35.000 a ƙarshenta, amma kayan da miliyan ɗin ke saye a da sun koma kusan 1.090.000. Ya yi asara yana zaune, banda fargabar ranar da za a ce masa babu tsabar kuɗi. Mutumin nan kuma yana da tarihi a ka: ya ji labarin rushewar BDRN a 1990, ya ji yadda aka kwana aka tashi a watan Janairun 1994 sefa ta rasa rabin darajarta. To ina zai kai dukiyarsa? Zai sayi fili a bayan gari, ya sayi shanu, ya sayi zinari, ko ya cika sito da gero da wake ya jira bazara. Ƴan canjin Ƙwanni da Ɗan Isa sun ga irin wannan gudu ta ɗaya gefen, lokacin da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta riƙa zubewa, masu ita suka yi ta neman sefa da dala da kaya. Dukiya ba ta da kishin ƙasa, inda ba za ta narke ba take nufa.

Ban ce babu masu ɓoye abinci don mugunta ba. Akwai su, kuma kowace kasuwa ta san nata. Amma hukumar da ke tura jami'ai su fasa sito, ita ce ta bar mai ajiya da kashi 3,5 tana biyan banki kashi 9. In ana son gero ya fito daga sito, a ba mai shi wani wurin ajiya da ya fi sito. Sito ma ba aljanna ba ne: bayan damina mai albarka ta 2024 farashin hatsi ya faɗo a 2025, waɗanda suka saya da tsada suka ƙone hannu. Mutane sun san haɗarin, rashin zaɓi ke kai su.

Abin mamaki shi ne zaɓin yana nan a rubuce. Takardar jika goma ce, ba ta fi ƙarfin malamin makaranta ko mai sayar da atamfa a Kasuwar Dole ba. Amma je ka tambaya a reshen banki na garinku yadda ake sayenta, ka ga kallon da za a yi maka. Babu talla da Hausa ko Zabarmanci a rediyo, babu teburin da aka keɓe. Ko ka saya, in buƙata ta taso kafin wa'adi, samun mai karɓa a farashin kirki wani aiki ne, domin kasuwar sake sayarwa ba ta da zurfi. Da yawa daga cikin manyan ƴan kasuwarmu kuma ba sa taɓa abin da ke da ruwa saboda addini, kuma wannan ba hujja ba ce ta a yi watsi da su: Senegal ta fitar da takardun sukuk, masu bin ƙa'idar shari'a, tun 2014, Kodebuwa a 2015, Togo a 2016. Ƙasar da kusan duk jama'arta Musulmi ne ya kamata a ce ita ke gaba a wannan layi, tana sayar da su a Maraɗi da Damagaram kamar yadda ake sayar da katin waya.

A watan Yunin 2025 BCEAO ta rage ruwanta zuwa kashi 3,25 bayan farashi ya lafa a yankin. Wannan sauƙi ne, amma ba ya goge takardun da aka riga aka sayar da tsada. Waɗannan za a biya su har ranar wa'adinsu, shekara uku ko biyar, daga kuɗin duwan ɗin da ɗan kasuwa ke zubawa da harajin da ake yanka a albashin ma'aikaci. Sakamakon kowane gwanjo yana fitowa a shafin UMOA-Titres, da faransanci, cikin jadawalin da sai gwani ke karantawa. Abin da nake nema daga ma'aikatar kuɗi ba shi da tsada: a kowace sanarwa, kusa da adadin da aka ɗauko, a rubuta farashin da aka sayar da takardar, ruwanta na gaskiya, ranar biya, da kason da ya tafi wajen biyan tsohon bashi, sannan a karanta shi a labarun Hausa na dare. Ƙungiyoyin ƙwadago da majalisar ƴan kasuwa su ma su sa wannan cikin abin da suke nema, a sahu guda da maganar albashi da kuɗin duwan.