Zango ya gajarta, amma kiredi 30 na nan daram

Ƴan uwa ɗalibai, daga Yamai zuwa Maradi, Damagaram da Tawa, mun san abin: yajin aiki ko jinkirin komawa ya cinye makonni, sai a matse zangon karatu. Amma tsarin LMD bai san ragi ba. Kowane zango kiredi 30 ne, kowane kiredi kuma awa 20 zuwa 25 na aiki, na aji da na gida. Ke nan aƙalla awa 600. In aka cusa su cikin mako 10, awa 60 ce kowane mako. Wanda ya jira a kafe ranakun jarrabawa kafin ya buɗe takarda, wallahi ya makara.

To, tun ranar farko ku ƙirga makonnin, ku fara da darussa masu kiredi da yawa. Ku yi karatu da sassafe kafin zafi ya taso. Shayin fada zai jira. Maimaita shekara iyayenmu ke biyan kuɗinta, da haya da abinci.

Su ma hukumomin jami'a da sauran aiki gabansu: su fitar da ranakun jarrabawa tun makon farko. Ɗalibi ba zai tsara lokacin da aka ɓoye masa ba.