Kafin ka tura wannan bidiyon, duba wa ke magana

Kai mai tura bidiyon magani a WhatsApp, ka taɓa tambayar wa ya tabbatar da maganar mai bidiyon? A wajen masu binciken lafiya, yawan mabiya ba ya sayen daraja. Abin da suke dubawa shi ne sau nawa wasu masana suka kafa hujja da aikin mutum.

Ga misalin Gunther Eysenbach, likitan da ya kafa mujallar Journal of Medical Internet Research a 1999. Maƙalarsa ta 2001 kan ma'anar kiwon lafiya ta intanet 'yar gajeriya ce, amma an ambace ta sau dubbai. A 2011 ya nazarci maƙalolin mujallarsa, ya gano waɗanda aka fi yaɗawa a Twitter sun ninka sauran sau 11 wajen damar samun ambato mai yawa. Ka ga ashe yatsanka yana da tasiri.

Amma fa ambato ma ba wahayi ba ne. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 ta danganta rigakafin ƙyanda da cutar galahanga. Mujallar The Lancet ta janye ta a 2010, amma har yau ana ambatonta, galibi don ƙaryata ta.

Don haka ka buɗe Google Scholar, ka rubuta sunan mai maganar. Me ya wallafa? Su wa suka ambace shi, kuma me suka ce? Minti biyu ne kacal. Wata uwa na iya hana ɗanta allura saboda saƙon da ka tura.