Ina Za A Sauka A Zanzibar?

Tun da jiragen sama suka yawaita, ma'aikatanmu sun fara sha'awar yin hutu a ƙasashen waje, kuma cikin wuraren da mu ke jin malaman makaranta da akawuna suna ambata har da tsibirin Zanzibar. Ba mu ga laifin wannan ba. Malamin da ya shekara goma yana koyar da labarin ƙasa, yana zana wa yara tsibiri a allo, alhali kuwa bai taɓa ganin ruwan da ya fi Kogin Kwara faɗi ba, lalle ya kamata ya je ya gani da idonsa. Abin da mu ke gudu guda ne, watau mutum ya tara kuɗi shekara biyu ko uku daga albashin da ba ya isa, ya je ya zuba su a masaukin da zai kulle shi kwana bakwai, ya komo bai ga kome ba sai bangon otel. A ganinmu, wanda ya zaɓi masauki ya riga ya zaɓi abin da zai gani. Saboda haka tun a gida ya kamata a yanke wannan magana.

Zanzibar manyan tsibirai biyu ne, Unguja da Pemba, a Tekun Indiya, cikin ƙasar Tanzaniya. Galibin baƙi a Unguja su ke sauka. Tsawonsa wajen mil 53 ne, kusan nisan Zariya zuwa Kaduna ke nan. Amma kada ƙanƙantarsa ta ruɗi kowa, gama yammacinsa dabam ne, gabas dabam, arewa kuma dabam.

Mu dai muna ganin a fara da tsohon birni, wanda Turawa ke kira Stone Town, masu gari kuwa Mji Mkongwe, a yi kwana biyu ko uku cikinsa. A nan ne tarihin ya ke. Nan Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mai da fadarsa daga Maskat wajen 1840, kuma a zamaninsa noman kanumfari ya bunƙasa. Nan aka rufe kasuwar bayi a 1873, zamanin Sarki Bargash, aka gina majami'a a gurbinta, tana nan har yau. Nan jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fada ruwan wuta ran 27 ga Agusta 1896, yaƙin da bai cika sa'a guda ba. Nan kuma aka kawar da sarauta ran 12 ga Janairu 1964, kafin a haɗe da Tanganyika cikin watan Afrilu na shekarar. Hukumar UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Wanda aka kawo cikin mota daga otel, aka zaga da shi sa'a biyu da tsakar rana, ba zai fahimci ko ɗaya daga waɗannan ba. Sai wanda ya kwana, ya fita da sassafe zuwa kasuwar Darajani, ya zauna da almuru a dandalin Forodhani inda a ke gasa kifi.

Gidajen attajiran dā da yawa an mai da su ƙananan masaukai, kuma kuɗinsu daidai aljihun ma'aikaci. Sai dai a yi tambaya kafin a biya. Lungunan birnin ba sa ɗaukar mota, don haka mai kaya da yawa zai sha ɗauka. Matakalan benen suna da tsayi, abin da dattijo mai ciwon gwiwa zai duba. A tabbatar ɗakin yana da taga da gidan sauro. A dubi lafiyar ginin kuma, domin ko shahararren gidan nan na Beit al-Ajaib, wanda Bargash ya gina a 1883, wani sashensa ya rufta cikin Disamba 2020.

Bayan birni sai bakin teku, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure, don ba mu tashi da sanin halin teku ba. Teku ya kan cika ya janye sau biyu kowace rana, lokacin kuwa yana jinkirta wajen minti 50 kullum, kuma abin ya fi tsanani a tsayuwar wata da daren sha huɗu. A gabashin Unguja, wajen Paje da Jambiani da Matemwe, gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce, in ruwa ya janye sai ya yi nisa ƙwarai, ya bar fili fetal. Wanda ya ga hoton otel da ruwa a bakin ƙofa, ya biya don yin iyo, zai iya iske rairayi kawai rabin yini. Amma ga malami wannan filin makaranta ne. A lokacin ne matan ƙauye ke fita gonakinsu na ciyawar teku, wadda su ke shanyawa a sayar ƙasashen waje. Sai dai kada a taka wurin ba takalmi, saboda akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, kuma a komo tudu kafin ruwa ya juyo. A arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, ruwa ba ya nisa sosai, ana iyo kusan kowane lokaci. Ladan wannan shi ne cunkoso da tsada da kaɗe-kaɗen dare. Mai iyali da ke son barci ya nemi masauki nesa da gidajen rawa.

To, sai manyan otel-otel masu katanga, waɗanda a ke biya musu kuɗi a dunƙule, ɗaki da abinci da abin sha. Ba mu ce ba su da amfani ba. Mai ƙananan yara, ko wanda ya tashi daga jinya, hutu kurum ya ke bukata, kuma zai same shi a can. Amma sauran jama'a su yi lissafi. A yawancinsu kuɗin ya haɗa da giya, watau wanda ba ya sha ya biya wa masu sha. Wanda kuma ya riga ya biya abincin rana ba zai so ya fita ya ci a gari ba, da haka kwanaki za su ƙare a cikin katanga. Akwai kuma wani abin da ya fi damunmu. A 2012 wata ƙungiya ta Ingila mai suna Tourism Concern ta ba da rahoto cewa a waɗansu ƙauyukan bakin tekun Zanzibar, ruwan daɗin da baƙo ɗaya ke ɓatarwa ya ninka na ɗan gari sau 16. Mu da muka san wahalar rijiya da rani bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Ƙaramin masauki na ɗan gari ya fi sauƙin ruwa, kuma kuɗin a garin ya ke tsayawa.

Lokacin tafiya ma abin dubawa ne. Babbar daminarsu, wadda su ke kira masika, daga Maris ce zuwa Mayu. A lokacin ne kuɗin ɗaki ke faɗuwa, wanda kuwa ya ga araha ya tafi hutun Afrilu zai yi kallon ruwan sama ta taga. Daga Yuni zuwa Oktoba akwai sanyi-sanyi da ƙarancin ruwa, kuma an yi dace babban hutun makarantunmu a ciki ya ke.

A tashar jirgin ruwa da bakin teku za a gamu da 'yan kamasho, masu cewa otel ɗin da ka nufa ya cika, ga wani mafi kyau. Masu gari da kansu suna kiransu papasi, watau kaska. A gode musu a wuce. Tikiti a ofis a ke saye. Kada kuma a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, ko kwalekwalen da ba shi da rigunan hana nutsewa, kome arahar kuɗinsa. Cikin Satumba 2011 jirgin Spice Islander ya kife tsakanin Unguja da Pemba saboda nauyi, aka yi hasarar ɗaruruwan rayuka, a Yuli 2012 kuma wani mai suna Skagit ya nutse a hanyarsa daga Dar es Salaam.

Mutanen tsibirin kusan duka Musulmi ne, masu kunya. Kayan iyo a bakin ruwa su ke tsayawa, ba a shiga gari da su, ba a kuma ɗaukar hoton mutum sai da izininsa. Da azumi gidajen abinci da dama a birni a rufe su ke da rana. Game da takardu, mai zuwa daga ƙasarmu ya riƙe katin allurar ciwon shawara, kuma daga 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta tafiya a kan dala 44.

Saura abu guda, wanda ya sha sa baƙi rasa jirgi. Da Sawahili daga fitowar rana a ke fara ƙidayar sa'o'i. In mai masauki ya ce mota za ta zo saa moja da safe, ƙarfe bakwai ya ke nufi, saa sita kuwa sha biyun rana ce. Ga shi kuma agogonsu yana gaban namu da sa'a biyu. In an yi alkawari da direba, a sa shi ya nuna lokacin a fuskar agogo.