DAMINA TA SAUYA HALI: SAMARI DA 'YAN MATA, INA KATINKU?

Muna roƙon duk wanda wannan takarda ta faɗo hannunsa, in ya iya karatu, kada ya karanta a zuci ya ninke ya sa aljihu. Ya kai ta dandali, ko ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, ya ɗaga murya kowa ya ji. A kira samari su matso kusa, don maganar yau tasu ce. In an gama, a ba wani yaro ya shiga da ita cikin gida a karanta wa mata.

Ba sai mun gaya wa manomi cewa damina ta sauya hali ba, shi ne ma zai gaya mana. A da, in shamuwa ta iso ta fara sheƙa, maigida ya san lokaci ya yi, sai ya sauko da iri daga rumbu. Yanzu fa? Shamuwa ta zo, ruwa bai zo ba. Ko kuwa a yi ruwa ɗaya mai kyau, kowa ya fita ya yi shuka, sa'an nan sama ta yi tsit har kwana ashirin, tsiro ya ƙone. A sake shuka, wani har sau uku, iri ya ƙare a shiga bashi. Can kuma cikin Agusta, ruwan da ya kamata ya sauka cikin wata guda sai ya zubo a dare ɗaya, ya kwashe gona, ya ka da katanga, ya rusa rumbu. Ga zafin bazara, wanda tsofaffi ke cewa ba su taɓa ganin irinsa ba. Ba su yi ƙarya ba kuwa, domin masu auna zafin duniya sun tabbatar cewa tun da aka fara rubutawa ba a yi shekara mai zafin 2024 ba.

Dattawa, ku ba yaran nan labarin farin 1973, yadda shanu suka riƙa faɗuwa a kan hanya. Ku gaya musu cewa a Kano an taɓa yin dalar gyaɗa, buhu kan buhu har sai hula ta faɗi in ana kallo, kuma fari da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suna cikin abin da ya kawo ƙarshenta. Ku ba su labarin yunwar 1984. Tafkin Chadi, wanda a shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, zuwa tsakiyar shekarun 1980 ko kashi ɗaya cikin goma na hakan bai kai ba. Ya ɗan farfaɗo daga baya, amma bai koma yadda yake ba. A Yusufari da Yunusari ta Jihar Yobe, rairayi tafiya yake yi kamar mai ƙafa, yana binne gona da rijiya.

Su kuwa samarin ba sa bukatar a ba su labarin ambaliya, da idonsu suka gani. A 2012 ruwa ya raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu a ƙasar nan. A 2020 ya shanye shinkafar Kebbi tana dab da nuna. A 2022 ya kashe mutum fiye da 600, mutanen Ringim da Haɗejiya kuwa sun san abin da suka sha a wannan shekara. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, Maiduguri ta wayi gari cikin ruwa. A watan Mayu na 2025 aka yi ta Mokwa, inda aka binne mutum fiye da 150. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

To mene ne ya kawo wannan? Masana sun ce hayaƙi ne. Hayaƙin man fetur, da gas, da kwal, wanda masana'antu da motoci da jiragen sama suka yi shekara fiye da ɗari suna turawa sama. Ya taru can ya zama kamar bargo, zafin rana ya shigo ya kasa fita. In duniya ta yi zafi, iska takan ɗauki ruwa fiye da kima, ta hana wani wuri, ta juye wa wani wuri gaba ɗaya. Abin da suke kira sauyin yanayi ke nan. Abin takaicin shi ne, Afirka duk da girmanta abin da take fitarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi ba. Mafi yawansa na China ne, da Amurka, da Turai da ire-irensu. Watau dai wani ya ci, wani ke biyan kuɗin.

Mun san abin da wani zai ce daga bayan taro. Zai ce ruwa na Allah ne, ina ruwan ƙuri'a da hadari? Gaskiya ne, babu ɗan takarar da zai sa a yi ruwa, kuma duk wanda ya yi muku wannan alkawari ku tashi ku ba shi wuri. Amma ku tuna da Annabi Yusuf, Alaihis Salam. Da aka san fari na zuwa ƙasar Masar, ai ba naɗe hannu aka yi ba. An sami mai amana aka damƙa masa rumbunan ƙasa, ya tara hatsi shekara bakwai, jama'a suka tsira. Farin ya zo kamar yadda aka ƙaddara. Abin da ya raba mutane da halaka shi ne wanda aka ba riƙon rumbu. To ranar zaɓe, mai riƙon rumbu ake zaɓa.

Ku duba da kyau. Madatsar ruwa, mutum ne ya kamata ya duba ta kafin damina, kuma da kuɗin hukuma ake gyara ta. Magudanar ruwa da kwalbati, hukuma ce. Kacalar nan da ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗejiya da Nguru, ta hana masunta su, ta juya ruwa cikin gonaki, ta fi ƙarfin lauje da adda, sai an kawo injin. Iri mai saurin nuna, wanda zai kai ko da ruwa ya ɗauke da wuri, akwai shi a cibiyoyin binciken noma irin na Samaru a Zariya, amma wa zai kawo shi ƙauye in babu malamin gona? Ku tambayi kanku, yaushe rabon da ku ga malamin gona a garinku? Hukumar NiMet kowace shekara takan fitar da hasashen damina tun kafin ta faɗi, ta ce ga lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna a kowace jiha. Manomi nawa ne labarin ke isa kunnensa da harshen da yake ji? Gandun daji da burtali da mashaya, waɗanda aka yanka aka raba wa masu hannu da shuni har manomi da makiyayi suka koma kallon juna da makami, ai da sa hannun wani aka yanka su. Wannan mai sa hannu kuwa, ƙuri'a ce ta ɗora shi kan kujera, ko kuma rashin fitarku.

Kada kuma a ce muku babu doka ko babu kuɗi. Tun 1981 aka kafa asusun kula da muhalli, wanda ake cire masa kaso daga kuɗin Tarayya don maganin zaizayar ƙasa da ambaliya da hamada, kuma jihohi da ƙananan hukumomi suna da rabonsu a ciki. A 2015 aka kafa hukuma ta musamman don shirin nan na kafa shingen itatuwa a jihohi 11 da ke bakin hamada, daga Kebbi da Sakkwato har Barno da Adamawa. A 2021 aka sa hannu kan Dokar Sauyin Yanayi, da majalisarta wadda Shugaban Ƙasa da kansa yake jagoranta. A takarda dai babu abin da aka rasa. Abin da aka rasa shi ne mai tambaya. An saba a zo da motoci da 'yan jarida, babban mutum ya durƙusa ya dasa itace ɗaya, a tafa, a tafi. Bayan mako guda akuya ta gama da shi.

Ku leƙa wajen 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ku ga abin da talaka ke iya yi in an sakar masa mara. Bayan farin 1984, manoma can suka daina tumɓuke kututture a gona. In ya yi toho sai su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Sassaben zamani suke ce masa. Da wannan dabara, ba tare da ban ruwa ko sayen dashe ba, an kiyasta cewa sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Kowane manomi ya san gawo: da damina ya kaɗe ganyensa ya bar wa gero rana, da rani ya ba dabba abinci, ƙarƙashinsa kuma ba ya bukatar taki. Amma abin bai yi ƙarfi ba sai da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raya a gonarsa nasa ne, malamin daji ba zai zo ya ci shi tara a kansa ba. Kun ga ashe ko gawo ma yana da alaƙa da wanda ke rubuta doka.

Yanzu bari mu zo kanku, samari. A zaɓen 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista. A cikinsu, masu shekara 18 zuwa 34 sun kai miliyan 37. Amma ranar zaɓen Shugaban Ƙasa, duk ƙasar nan, yaro da babba, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su wuce miliyan 25 ba, wanda ya ci kuwa ƙuri'arsa ba ta kai miliyan 9 ba. Mai karatu, maimaita musu wannan. Matasan da ke da rajista sun ninka ƙuri'ar wanda ya ci har sau huɗu. Ina kuka shiga? Wasu na Legas suna acaba, wasu na Abuja suna tura baro, wasu na gindin bishiya suna cewa ai duk ɗaya ne. Mene ne ya kore ku cirani tun farko in ba gonar da ta daina ciyar da gida ba? Mutumin da ke da shekara saba'in, damina nawa ta rage masa? Kai mai shekara ashirin, in Allah ya ba ka rai, damina hamsin ce a gabanka, kuma a wannan gonar za ka yi ta.

Ba kyauta aka ba ku wannan ƙuri'a ba. Kafin 1979 mai shekara 18 ba ya jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasar nan. Matan Arewa ma ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa ba sai a wannan shekara, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kan haka. Saboda haka, iyaye da mazaje, don Allah kada a hana 'yan mata da matan aure fita. Su ne ke tafiya nesa neman itacen girki, su ne ke tsaye a bakin rijiyar da ta ƙafe. Tun 2018 kuma doka ta rage shekarun tsayawa takara: mai shekara 25 yana iya neman Majalisar Jiha ko Majalisar Wakilai. In a garinku akwai yaro mai hankali da ya san noma ya kuma san boko, ba dole ne ya ƙare a riƙe wa wani jaka ba.

Za su zo, kamar yadda suka saba. Za su zo da taliya da sabulu da turmin atamfa, wasu da naira dubu biyu a ambulan. Ku yi lissafi da kanku: shekara huɗu damina huɗu ce. Taliyar nan kwana nawa za ta yi a gida? Waɗansu kuma za su nemi su ba ku ƙwaya da gora ku yi musu banga. Ku dubi ayarin da kyau, ku ga ko akwai ɗan mai gidan a ciki. Nasa yana makaranta a ƙasar waje.

Mu a wannan jam'iyya muna neman ƙuri'arku, ba ma ɓoyewa. Amma ba mu ce ku ba mu ita a makance ba. Duk ɗan takarar da ya shigo garinku, namu ne ko na abokan hamayya, kansila ne ko ciyaman ko ɗan majalisa ko gwamna, ku tsayar da shi a gaban dagaci da liman. Ku tambaye shi nawa jiharku ta karɓa daga asusun muhalli bara, kuma me aka yi da shi. Ku tambaye shi wa zai shayar da dashen da za a yi, kuma wa zai biya mai shayarwa. Ku ce ya faɗi ranar da za a yashe kogi, da inda za a mai da waɗanda ke zaune a hanyar ruwa, da yadda mace za ta dafa tuwo in an hana yin gawayi alhali gas ya fi ƙarfinta. Wanda ya fara kame-kame, kun gane shi. Wanda ya amsa, a sami ɗan makaranta ya rubuta amsar da kwanan wata, a ajiye a gidan mai unguwa, don in ya dawo bayan shekara huɗu a karanta masa. Namu 'yan takarar mun gaya musu su shirya wa wannan.

Wanda ya cika shekara 18 bai yi rajista ba, ya je ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukumarsa ya tambayi lokacin yi. Wanda ya yi bai karɓi kati ba, ya je ya karɓa da hannunsa, kada ya aiki kowa. Kada ka ba wani katinka ajiya, kada ka karanta wa kowa lambarsa, ko da ya ce tallafi zai sa ka a ciki. Masu 'yan'uwa a wurin cirani, a buga musu waya tun yanzu, ko su dawo gida kafin ranar, ko su nemi a mai da musu rajista inda suke. Ranar zaɓe a fita da sassafe, a bi layi cikin natsuwa, ban da zagi ban da faɗa. In ka jefa, kada ka wuce gida. Doka ta ce a rumfar za a ƙirga ƙuri'a a gaban jama'a, a kuma faɗi sakamako da ƙarfi. Ku tsaya har a gama, masu waya su ɗauki hoton takardar.