Kafin A Sari Ƙwan Fitila, A Duba Inda Haskensa Ke Faɗawa

Kwanakin baya, a cikin shirin ƴan kasuwa da muke gabatarwa a gidan rediyonmu, wani bawan Allah mai sayar da atamfa da shadda ya bugo waya daga Ɗan Isa da kukansa. Ya ce ya cire tsohon ƙwan shagonsa ya sa na zamani, irin farin nan da ake kira LED, wanda aka rubuta wa wat 30 ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Da magariba ta yi ya kunna, sai tabarmar da yake zama ta yi fes kamar tsakar rana, amma kantocin sama inda ya jera shadda masu tsada suna cikin duhu. Da tocila yake haska wa mai saye kaya. Ya koma wurin wanda ya sayar masa, aka ce ai ƙarami ya ɗauka, ya ciko kuɗi a ba shi mai wat 50. Ya cika, ya sa. Tabarma ta ƙara haske har tana kashe ido, shadda kuwa tana nan cikin duhunta.

Yana ajiye waya wasu suka yi ta bugowa, kowa da irin nasa labarin. Wannan ya sa na zauna da masu gyaran wuta na garinmu, har muka fasa ƙwai biyu muka duba cikinsu. Abin da na gani shi ne nake so in sanar da ƴan uwana masu sarin kayan wuta, daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Ƙonni zuwa Illela, domin matsalar a hannunsu take, gyaranta ma a hannunsu yake.

Tsohon ƙwai, wanda wasunmu ke cewa ampul, na tsallake kuma su ce gulob, ɗan siririn zare ne a tsakiyar kwalba. In ya yi zafi sai ya ba da haske ta ko'ina, sama da ƙasa da gefe, shi ya sa ƙwai ɗaya ke cika ɗaki. LED ba haka yake ba. Ƴan ƙwayoyi ne shimfiɗaɗɗu masu ruwan ɗorawa, kowace tana jefa haskenta gabanta kaɗai. Idan aka ɗauki cikakken zagaye a matsayin digiri 360, ƙwaya ɗaya takan watsa haske kamar digiri 120 ne, wato kashi ɗaya cikin uku. A ƙwai mai araha, ana manna ƙwayoyin nan duka a kan faranti guda suna kallon ƙasa, a kifa musu farar roba kamar rabin ƙwarya. Robar tana ɗan baza hasken, amma ba ta iya mayar da shi baya. Rabin ƙwan na wajen gindi kuwa toshe yake, domin nan ne aka sa ƙarfen da ke janye zafi da ƴan kayan da ke daidaita wuta. Saboda haka ko wat ɗari ka saya, in ƙirar ke nan, ƙasa zai haska. Abin da ya sami Alhajin Ɗan Isa ke nan, ya sayi ƙarin haske a inda ba ya bukatarsa.

Akwai ƙwan da aka ƙera don ya magance wannan. Na farko shi ne mai kwalba garai-garai, wanda za ka hango wasu ƴan sanduna sirara masu ruwan ɗorawa a tsaye cikinsa, kamar tsinken tsintsiya. Kowane sanda jerin ƙananan ƙwayoyin LED ne, kuma da yake a tsakiyar kwalba suke, haskensu na fita kusan ta kowane ɓangare, ya kan kai digiri 300 ko fiye. Shi ne ya fi kama da tsohon ƙwai. Aibinsa, gilas ne, ba ya son jijjigar hanya, kuma duk wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Sabon Garin Kano a saman mota ya san abin da nake nufi. Yawancinsa kuma na wutar gari ne, mai aiki da batir sai ya nemi wanda aka rubuta wa 12V. Na biyu shi ne mai siffar masara, wanda aka jera wa ƙwayoyi a kewayen jikinsa. Yana haska bango da kantoci sosai, amma in babu ƙwayoyi a bakinsa, wanda ke zaune daidai ƙarƙashinsa ba ya samun rabo mai yawa.

Kada wani ya ɗauka ina cewa ƙwai mai kallon ƙasa ba shi da amfani. Tela da ke son ganin bakin allura, da mai gyaran salula, da mai tsire, da mai shayi, duk shi suke bukata. Haka nan mai rumfar da rufinta tsohon kwano ne da hayaƙi ya baƙanta, in ya sa mai haska ko'ina, rabin hasken rufi zai shanye, asara ce. Amma ɗakin kwana, da masallaci, da ajin makarantar dare, da shago mai kantoci har sama, waɗannan wurare ne da ake son haske ya bazu. Kowane ƙwai da wurinsa. Laifinmu shi ne mun haɗa su duka a kwando ɗaya muna sayarwa da tambaya guda: wat nawa kake so?

Wat ɗin ma ba ma'aunin haske ba ne, ma'aunin cin wuta ne. Ma'aunin haske sunansa lumen, a jikin kwali ana taƙaita shi da lm. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen kamar 800, kuma LED na kirki yana ba da hakan da wat 8 zuwa 10 kacal. Ban da haka, ƙwan da muka fasa, wanda kwalinsa ke ihun wat mai yawa, da mai gyara ya auna shi bai kai abin da aka rubuta ba. Masana'antar ta san mu da son babbar lamba, sai ta buga mana babbar lamba.

A ƙasashen Tarayyar Turai ba a bar wannan ga son ran mai masana'anta ba. Dokarsu ta ce duk ƙwan da kashi 80 cikin 100 na haskensa ke zuba cikin digiri 120, to mai fuska ɗaya ne, kuma tun watan Satumba na 2021 ƙa'idar da suke bi ta wajabta a nuna lumen a jikin kwali, a kuma bayyana ko na zagaye ne ko na fuska ɗaya. A kasuwanninmu na kan iyaka kuwa, kwali na shigowa da rubutun da ya ga dama. Jami'in duwan kuɗin fito yake dubawa, ba ya kunna ƙwai. Saura wa ya rage ya tsaya wa mai saye? Mai sari.

Na san amsar da za a ba ni, don an ba ni ita a cikin shirin. Wani ya ce, Malam, ni saro shi na yi, ba ni na ƙera ba, kuma mai saye araha yake nema. Gaskiya ne. Amma mai hatsi ma ba shi ya halicci gero ba, duk da haka ba ya sayen buhu sai ya zura hannu ya duba. Kuma kasuwar kan iyaka kasuwar sanayya ce. Mutumin ƙauye da ya zo ranar kasuwa ya sayi ƙwai don ɗakin da yaransa ke karatu, in ya je gida ya tarar rabin ɗakin duhu ne, ba zai zagi masana'antar da ke Sin ba, don bai san ta ba. Kai ya sani, kuma mako mai zuwa teburin maƙwabcinka zai tsaya.

Abin ya ƙara nauyi tun watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka shafe watanni kafin a maido da ita a 2024. Gidaje da shaguna da yawa a lokacin suka koma ga sola da batir, kuma ba su bari ba. Mai batir ƙidaya wutarsa yake yi. In ka sayar masa da babban ƙwan da bai dace da ɗakinsa ba, ka cinye masa batir kafin sallar isha'i ta yi nisa, kuma ba ka ba shi hasken ba.

Gwajin ba shi da wuya, ba ya bukatar na'ura. Ka sami kwalin da ba kowa ciki, ka huda samansa ka zuro ƙwan, ka huda ɗan rami a gefe na leƙawa. Kunna ka leƙa. In saman kwalin da kusurwoyinsa sun yi haske kamar ƙasansa, mai bazawa ne. In saman ya yi duhu, mai kallon ƙasa ne. Ko kuma ka riƙa farar takarda a wajen gindin ƙwan ka ga ko haske na taɓa ta. Ka yi wannan a shagon dila kafin a ɗaure maka kaya, sannan ka ajiye irin kwalin nan a teburinka, da ɗan batir, duk wanda ya zo saye ka tambaye shi ina zai rataya, ka bar shi ya leƙa da idonsa. In akwai lamba mai ɗan zagaye a kanta a jikin kwali, kamar 120 ko 180 ko 300, ita ce faɗin hasken, ka koya wa yaron shagonka karanta ta. Mai sayar da tufafi kuma ya zo da ƙyalle ya gwada, domin wani farin ƙwan mai shuɗi-shuɗi yana sauya wa shadda launi, a saya da dare a dawo da ita da safe.

Alhajin Ɗan Isa ya sake bugowa bayan mako biyu. Ya ce ya shafe bangon shagon da farar ƙasa, ya rataya ƙwai biyu masu sanduna, kowane wat 6, ɗaya a gaba ɗaya a ciki, kuma ya ajiye tocila. Mai wat 50 ɗin kuwa ya ba mai shayin ƙofar shagonsa, wanda ya ce bai taɓa ganin teburinsa da kyau irin haka ba.