Gonar da Aka Hana Ɗiya, Ita Ake Sayar wa Alhaji

A ƙasar Gazawa da Agye, har zuwa Gidan Rumji, idan mai gandu ya rasu, akan yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, sannan a zauna rabon gado. Malam zai buɗe littafi, a ƙidaya riguna da bisashe da damman hatsin da ke cikin rumbu, a fitar wa kowa rabonsa bisa farilla. Da an zo kan gona da ɗakunan gida kuwa, sau da yawa sai a rufe littafi, a ce nan hurumin al'ada ne. Ɗiya mace ta gidan wani ce, in ji dattawa. In an ba ta gona, ƙasar kakanni ta fita daga dangi.

Hujjar tana da tushe a zamaninta. Lokacin da daji yake da faɗi, gandu ɗaya ne a hannun maigida: shi ke ciyar da kowa, shi ke biyan haraji, shi ke aurar da samari. Matar gida tana da gamanarta, wadda aurenta ya mutu kuma ta komo ta ci daga rumbun gandu ba tare da gori ba. Wanda gona ta yi wa kaɗan sai ya ɗauki gatari ya yi sabon sheme. Wancan zamani ya wuce. Ƙidayar 1988 ta samu mutum kimanin miliyan 1.4 a jihar Maraɗi, ta 2012 ta samu miliyan 3.4. Daji ya ƙare, saura ta ƙare, gandu ya watse, kowane ɗa ya ja nasa. Nauyin ciyar da ƴar'uwa ya bi gandu kabari, amma ikon hana ta gado yana nan da ransa. Al'adar da aka yar da wajibinta aka riƙe ribarta, sunanta cin amana.

A yi lissafi. Manomi ya bar ekta 8, da mata biyu, da ƴaƴa maza biyar da mata huɗu, iyayensa kuma sun riga shi. Bisa ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i, matan biyu suna da tumuni, wato ekta ɗaya su raba. Sauran ekta 7 a kasa su kashi 14: kowane namiji ekta ɗaya, kowace mace rabin ekta. Idan aka rufe littafi, ekta 3 na mata shida sun shige aljihun maza biyar. Ba a taɓa jin wanda ya kira wannan sata a zauren mai gari ba.

Batun ɗakuna ya fi muni. Matar da ta yi shekara 30 tana daɓen ɗakinta, tana shafe shi kowace damina, idan ba ta haifi namiji ba, kwanakinta a gidan ƙidayayyu ne: wata huɗu da kwana goma na takaba. Daga nan ɗan kishiya yana bukatar ɗaki domin amaryarsa. Ba a korar ta da baki. Ana dai tambayar ta yaushe ƴan'uwanta za su zo ɗaukar kaya.

To, ina gonar take zuwa bayan an tsare ta daga hannun ɗiya? Nan ne maganar ta shafi masu karanta wannan jarida. Ekta ɗaya ta jigawa ba ta ciyar da gida shekara. Rashin lafiya ta zo, ko aure, ko yunwa irin ta 2005 wadda ta fi tsanani a jihar Maraɗi, sai magaji ya sa gona jingina. Kuɗin fansa ba su samuwa, jingina ta rikiɗe ta zama ciniki. Mai saye kuwa sananne ne: ɗan kasuwar Maraɗi ko na Tasawa da ke neman filin noman aya da wake, ko ma'aikacin gwamnati da ke tanadin ranar ritaya. Ƙasar kakanni ta fita daga dangi, kuma ta hannun ɗa namiji ta fita, shi da aka ce shi ne mai tsaron ta. Shekara mai zuwa za a gan shi yana ƙwadago a gonar ubansa.

Hukumomi ba su da bakin cewa doka ce babu. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta faɗa a aya ta 4 cewa ƴan Nijar duka daidai suke wajen samun albarkatun karkara, ba bambancin jinsi ko asali. Sai dai tun dokar 16 ga Maris 1962, wadda ta 2004 ta bi sawunta, an bar gado a ƙarƙashin al'adar masu shari'a, kuma kafin ƙara ta kai gaban alƙali sai ta bi ta wurin mai gari da sarki domin sulhu. Mace nawa ce za ta kai yayanta ƙara gaban abokin hirarsa? A kan wannan kuma ga jawabin Seyni Kunce na 18 ga Disamba 1974, wanda ya bar gona a hannun mai noma ta. An yi shi domin talaka, amma ya dace da bakin duk wanda ƙanwarsa ta bar masa rabonta aro.

Su kuma ƙungiyoyin addini da suka tashi tsaye a farkon shekarun 1990 har suka binne daftarin dokar iyali da sunan kare shari'a, an ji muryarsu a Yamai. Ana jiran a ji irin wannan murya a Gangara da Ɗan Saga da Tibiri, inda shari'ar da suka kare take bin mata bashin gonaki. Binciken da Marthe Diarra da Marie Monimart suka wallafa a 2004 kan kudancin Nijar ya kawo wata kalma daga bakin matan karkara: kullen gona, wato a zaunar da mace gida saboda babu filin da za a ba ta, a lulluɓe abin da rigar addini. Binciken ya kuma nuna mata sun fara neman rabonsu ta hanyar farilla. Ke nan sun fi wasu masu rawani sanin abin da ke cikin littafi.

Za a ce rabawa tana daɗa gutsuttsura gonaki, rabin ekta ba ya tsinana kome. Gaskiya ne, kuma matsala ce babba. Amma ba a ga dalilin da zai sa ɗiya kaɗai ta biya kuɗin maganinta ba. Magada suna iya noma tare a auna wa kowa damminsa, ko maza su sayi rabon ƴan'uwansu da farashin kasuwa a gaban shaidu, ba da turmin atamfa ranar salla ba.

Kwamitocin ƙasa na gari da na gunduma, waɗanda dokar 1993 ta haifar, su ke ba da takardar shaidar saye da ta jingina. Kada su buga hatimi kan gonar gado sai an kawo sunayen magada duka. Alhajin da ya zo da kuɗinsa, da ma'aikacin da ya san karatu, su ma suna iya tambayar mai sayarwa ƴaƴa mata nawa mamacin ya bari, da kuma inda suka dangwala yatsa a takardar.